Sarƙar Tayar Kawu Maje

Gyadi-Gyadi, Kano
Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Zuwa ga Kawu Maje,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a tsakar gidan Inna Huraira, tana zaune kan tabarma a hannun damana, wayata a kan gwiwa. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyi?

Wataƙila ba za ka gane ni ba. Ni ne Mu'awiya ɗan Zakariyya na Tarauni, jikan Maimuna, wadda babanta da baban Inna wa da ƙane ne. Sau biyu muka taɓa haɗuwa, duk a wajen suna. Bana na gama jami'a, ina jiran bautar ƙasa. Tun da aka kai 'yarka Ummi ɗakinta a Gusau babu mai karanta wa Inna saƙonka, kuma ka san kunnenta ba ya jin maganar waya. Shi ne Baba ya ce in riƙa zuwa duk Juma'a, in karanta mata naka, in rubuta maka nata.

Jikinta da sauƙi. Ƙafar hagu ce ta ɗan kumbura, amma tana takawa har bakin ƙofa. Ta ce a gaishe ka, ka riƙa cin abinci mai zafi. Ta ce kuma a gaida yaron motarka, ka riƙe shi da amana, kada ka bar shi ya kwana da yunwa.

Daga nan magana tawa ce. A saƙonka na ƙarshe ka ce kamfani ya ɗauke ka daga hanyoyin Texas, wata mai kamawa za ka fara ƙetare duwatsun Colorado da tirela. Ban san wurin ba, sai na je na karanta. Dokar jihar ta ce daga ɗaya ga Satumba zuwa ƙarshen Mayu, babbar motar da za ta bi hanyar dutsen dole ta kasance da sarƙar taya a cikinta. Idan dusar ƙanƙara ta sauka aka kunna allunan gefen hanya, dole a tsaya a ɗaura sarƙar a tayoyi huɗu masu jan mota kafin a wuce. Wanda ya ƙi akwai tara, kuma tarar ta fi tsanani idan motarsa ta zame ta tare hanya. Shafi uku na duba, duk maganarsu ɗaya.

Na san ka fi ni sanin hanya nesa ba kusa ba. Tambaya ce kawai, Kawu: akwai sarƙar a motarka?

Ɗanka,
Mu'awiya

Texas
Lahadi, 1 ga Disamba

Mu'awiya,

Wa alaikumus salam. Na gane ka sarai, ba kai ne mai tambayar mutane nawa suka ci ragon suna ba? Ashe har an gama boko. Allah ya sa albarka, ya kawo aiki mai kyau. Ina lafiya. Ka gaida Malam Zakariyya.

Ka ce wa Inna ta rage gishiri saboda ƙafar. Ina cin abinci, har tuwo nake tuƙawa da garin masararsu. Yaro yana amsawa.

Sarƙa tana nan, ka kwantar da hankalinka. Kamfani ya ba ni tun ran da aka canza mini hanya. Sabuwa fil, cikin buhunta, ko ɗaurin bakin ban kwance ba. Dutse kuma ba baƙona ba ne. Na hau Hawan Kibo da siminti a tsakiyar damina, na sauko da dankali birki yana hayaƙi. Wanda ya yi wannan ba a ba shi tsoro da farin gari.

Abin da ke ƙasa kada ka karanta wa Inna.

Babu wani yaron mota a nan. Ƙasar nan mutum ɗaya ne a mota, shi ne direba, shi ne kowa. Ban gaya mata ba tun da na zo. Shekara tara na yi ina yaron motar Alhaji Inuwa, ina kwana ƙarƙashin tirela, ita ke wanke mini kayan baƙin mai da hannunta. Ran da Alhaji ya miƙa mini mukulli sai da ta yi sadakar waina a unguwa, ta ce ɗanta ya fita daga ƙarƙashin mota har abada. To ka bar ta a kan haka. In taya ta yi faci a nan waya nake bugawa a zo, ban taɓa sunkuyawa ba. Sarƙar ma wani ɗan Ghana da muke aiki tare ya ce akwai masu ɗaura wa mutum a gindin dutse, ka biya su ka wuce.

Kawunka,
Maje

Tarauni, Kano
Juma'a, 6 ga Disamba, bayan la'asar

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Inna lafiya, kumburin ya ragu. Baba yana amsawa.

Na karanta mata rabin sama, na tsaya inda ka ce. Da na zo wajen sarƙa sabuwa fil cikin buhunta, ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce ai ga shi ba su ba ka tsohuwa ba. Ta sa na maimaita layin. Ni kuma layin nan ne ya tsaya mini a rai tun ran Lahadi. Idan ba a kwance buhun ba, ba a ga abin da ke ciki ba. Ba ka san ko girman tayarka ce ba, ko ta cika huɗu, ko mukullin ɗaure ta yana ciki.

Na bincika maganar ɗan Ghana. Gaskiya ne akwai masu ɗaurawa a biya su, amma inda na ga an tabbatar da haka wata jiha ce dabam, can yamma. A hanyar da za ka bi ban sami abin da ya nuna za a same su kullum ba. Zai yiwu akwai, ban dai gani ba. Kuma ranar da ƙanƙara ta yi yawa, ranar ce kowa zai neme su.

Duk inda na karanta shawararsu ɗaya ce: mutum ya gwada ɗaurawa a busasshen wuri, da rana, kafin ranar bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sun ce ƙugiyar ciki ita ce mai wuya, sai an durƙusa, wani lokaci an kwanta, an zura hannu bayan taya. In an ɗaura ba a wuce gudun mil talatin a awa, wato kusan kilomita hamsin. In an ɗan taka kaɗan a sake tsayawa a ƙara ɗaurewa.

Don Allah Kawu ka buɗe buhun a wajen ajiye motoci ka gwada ko sau ɗaya ne. In ba ka iya ba, ba abin kunya ba ne, kowa koyo yake yi.

Inna ta sake cewa a gaida yaro. Na ce to.

Ɗanka,
Mu'awiya

Texas
Asabar, 7 ga Disamba

Mu'awiya,

Salam. Lafiya nake.

Na ga inda ka ce ban iya ba. Ran da na kama sitiyari kana goye. Shekara ashirin da biyu rabona da ƙarƙashin mota, kuma ba a gaban direbobin Turawa da 'yan Ghana zan koma ina birgima a ƙasa kamar sabon yaro ba. Direba ba ya sauka ga taya. Ka tambayi duk wanda ya san mota a Kano.

Karanta wasiƙa aka sa ka. Ka tsaya a nan.

Litinin sha shida ga wata zan ɗauki lodi, Talata in hau dutsen. Ka ce wa Inna ta yi addu'a. Yaro yana amsawa.

Maje

Tarauni, Kano
Talata, 10 ga Disamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lafiya.

Ka yi haƙuri. Na koma na karanta abin da na rubuta. Cewa na yi in ba ka iya ba, ban ce ba ka iya ba, amma na ga yadda maganar ta fito daga bakin yaro zuwa ga babba, kuma ban kyauta ba. Tuƙinka ban taɓa shakkarsa ba. Buhun nake tsoro.

Masu hasashen yanayi sun ce ana sa ran dusar ƙanƙara mai yawa a duwatsun farkon mako mai zuwa. Hasashen mako guda yana iya canzawa. Zan ci gaba da dubawa.

Ɗanka,
Mu'awiya

Tarauni, Kano
Lahadi, 15 ga Disamba, da yamma

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Ran Juma'a na gaya wa Inna ka ce ta yi addu'a, bayan shi babu sabon saƙo, ta ce aiki ne ya yi maka yawa. Ƙafar ta saɓe.

Ka ce in tambayi duk wanda ya san mota a Kano. Na tambaya. Jiya na je garejin manyan motoci na bayan layin su Inna na nemi Alhaji Inuwa. Na same shi kan benci yana shan shayi, sandarsa a jingine. Ya tsufa, gwiwar dama ba ta lanƙwasuwa sosai. Na tambaye shi ko gaskiya ne direba ba ya sauka ga taya. Ya ce gaskiya ne, shi ne ma ya koya maka hakan. Ya ce aikin yaro ne, direban da ya saba sunkuyawa yara ba sa ganin girmansa.

Sai na ce to idan babu yaron fa? Na san a nan na taɓa abin da ka ce in rufe. Inna ka ce kada in gaya wa, ba Alhaji ba, amma ba zan fake da wannan ba. Na nuna masa hotunan hanyar da na tirelolin da suka zame. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko ƙanƙarar kamar laka take, a rage wa taya iska a wuce. Na ce ban ga inda aka ce haka ba, sarƙa suka ce. Ya ce a kira Ɗahiru mai walda.

Kawu, sarƙar taya muka ƙera a Gyadi-Gyadi. Ɗahiru ya kalli hoto ya yanka sarƙar ɗaure ƙofa, ya haɗa ta kamar tsani, dogaye biyu a gefe, gajeru a tsakani, ya sa ƙugiya. Ba ta da abin matsewa irin na taku, da robar tsohon tib na taya muka ja ta. Kafin a gama gareji ya cika, har masu adaidaita sahu sun tsaya. Wani ya ce ko tayar ce take gudu da dare aka zo ɗaure ta. Wani ya ce a jira ƙanƙarar tukuna, tana Zariya tana tahowa.

Ni na fara gwadawa a kan kan tirelar da ke ajiye. Na murɗe ta, mota na motsawa ta zube. Aka yi mini dariya. Yaran gareji suka taso za su karɓa, Alhaji ya ce kowa ya koma. Ya cire babbar riga ya miƙa wa Ɗahiru. Ya aika aka sayo ƙanƙara wajen mai sayar da ruwan leda, aka zuba a bokiti, ya tsoma hannuwansa har suka sandare, ya ce ai Maje ba da hannu mai ɗumi zai yi ba. Sannan ya dafa taya ya durƙusa. Ɗahiru ya ce mini shekarunsa sama da goma a wurin bai taɓa ganin gwiwar Alhaji a ƙasa ba.

Na ɗauki komai a waya, ga shi na haɗo da wannan. Za ka ga ya shimfiɗa ta a ƙasa ya warware, bakin ƙananan ƙugiyoyin yana kallon waje don kada su ci taya. Ya yafa ta a kan tayar, aka matsa da mota kaɗan, ya kwanta ya kama ƙugiyar ciki tukuna, sannan ta waje. Sau biyu ta kuɓuce masa. Da ya gama mutum biyu ne suka ɗaga shi. Ya kalli wayata yana haki ya ce:

“Maje, ni na fitar da kai daga ƙarƙashin mota, ni na ce ka koma. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ka kashe kanka saboda girman kai, ban yafe tuƙin da na koya maka ba.”

Tamu ba irin taku ba ce daidai, kada ka ɗauki komai daga gare ta. Ka duba takardar da ke cikin buhun, in akwai. Hasashen bai canza ba, Talata suka ce.

Ɗanka,
Mu'awiya

Tarauni, Kano
Alhamis, 19 ga Disamba, da hantsi

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lafiyar jiki ƙalau.

Ga abin da na sani. Saƙona na Lahadi ya shiga wayarka a ranar, ba ka buɗe ba. Ran Talata aka buɗe shi, lokacin azahar ɗinku. Bayan nan na aika gaisuwa, har yanzu ba ta shiga ba. Na kira, wayar a kashe. Shafin hukumar hanyoyinsu ya nuna an kunna dokar sarƙa ran Talata, daga baya aka rufe wani sashe saboda manyan motoci sun zame. Ba su faɗi sunan kowa ba. Na ga hoto ɗaya, farar tirela ta karye a tsakiya ta tare hanya. Sai na tuna ban taɓa tambayar launin motarka ba. Ummi ma ba ta sani ba.

Zai yiwu fushi ne ya sa ka kashe waya bayan ka ga Alhaji a ƙasa. Ina roƙon Allah ya sa fushin ne.

Akwai abu na biyu, kuma laifina ne. Ban yi tunanin gareji a bayan layin Inna yake ba. Labarin sarƙa ya zaga unguwa, matar Alhaji ta shiga gaida Inna jiya ta ba ta shi dukansa. Inna ta aiko a kira ni. Ta tambaye ni ko gaskiya ne kai kaɗai ne a motar. Na ce gaskiya ne. Ta ce tun yaushe. Na ce tun zuwanka. Ta ɗauki carbi. Da zan tafi ta tambaya ko ka sauka daga dutsen. Na ce ban sani ba. Na so in ce mata ka sauka, bakina ya ƙi.

Ko kalma ɗaya ce ka aiko, ko ta zagi ce.

Ɗanka,
Mu'awiya

Bayan dutsen, Colorado
Juma'a, 20 ga Disamba

Mu'awiya,

Wa alaikumus salam. Ina raye. Ka fara gaya wa Inna wannan kafin komai. Motata shuɗiya ce.

Sabuwar waya ce, yau na saya, yanzu saƙonninka suka shigo. Ka yi haƙuri da rubutun, da babban yatsa ɗaya nake yi.

Ran Talata na iso gindin dutse allunan suna walƙiya. Akwai fili a gefen hanya inda ake tsayawa a ɗaura, tireloli sun yi layi. Na tsaya na leƙa ta gilashi ina neman mutanen ɗan Ghana. Babu kowa sai direbobi, kowa da tayarsa. Na zauna a mota ina jira. Wani da ke gabana, mai farar mota, ya gaji ya ja ya tafi haka nan. Wallahi na sa giya zan bi shi. Hanyar a ido ba ta kai Hawan Kibo ba. Na ɗauki waya in duba nisan da ya rage, sai na ga saƙonka da na ƙi buɗewa, na ce bari in ga me ɗan boko ya kuma rubuto.

Na ga Alhaji. Mutumin da ko ruwan batir ba ya dubawa da kansa, ga shi kwance a ƙasan gareji da singileti. Na kashe mota.

Buhun sai da na sa wuƙa. Sarƙa huɗu ce, mukulli yana ciki, ka ji wannan. Amma a cukurkuɗe take kamar hanjin akuya, warware ta kawai ya cinye rabin ƙarfina. Na jingina waya a taya ina kallon Alhaji ina yi. Da safar hannu ƙugiya ba ta kamuwa, in na cire yatsu su mutu. Ta farko na yafa ta a juye, sai da na sake. A motar da ke kusa da ni wata tsohuwa ce mai furfura, kwance cikin ƙanƙara tana ɗaura tata. Ko kallona ba ta yi ba. Da ta gama ta wurgo mini wani guntun kwali in sa gwiwa, ta hau motarta. Babu wanda ya yi dariya. Babu ma wanda ya san ni direba ne ko yaro.

A taya ta uku na matsa da mota, na manta wayar tana jingine. Na ji ƙaras. Ta huɗu da ka na yi ta.

Na hau a hankali, sarƙa tana ƙara kamar ana jan garwa. Ban yi nisa ba na ga farar motar, ta juya ta tare layi biyu, direban yana tsaye a gefe 'yan sanda suna masa magana. Ta gefe aka ba mu hanya. A bayanmu aka rufe. Wajen saukowa ne na san abin da ake nufi. Na taɓa birki kaɗan na ji bodi yana so ya wuce ni, kan motar kuma ya riƙe ƙasa. Ban san iya abin da na karanta ba a gangaren nan. Da babbar giya mai jan nauyi na sauko, kamar mai rakiyar amarya.

Sarƙa ɗaya ta tsinke a hanya, ban san inda ta faɗi ba. Ina jin wadda ban koma na ƙara ɗaurewa ba ce, ka faɗa kuma na ji sanyi na ƙi sauka. Yatsu biyu na hannun dama har yanzu ba na jin su sosai. Lodin komawa yana jirana, hanyar kuma ita ce dai.

Na karanta maganar Inna. Ka je ka ga fuskarta ka gaya mini gaskiya, tunda kai ba ka iya ƙarya ba. Ka je wajen Alhaji ka durƙusa a madadina.

Kawunka,
Maje

Gyadi-Gyadi, Kano
Asabar, 21 ga Disamba, da safe

Kawu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Saƙonka ya shigo jiya bayan magariba, ban jira gari ya waye ba, na hau adaidaita na zo na gaya wa Inna layin farko a bakin ƙofa. Yau na dawo na karanta mata sauran. Wannan karon ban tsallake komai ba.

Fuskarta ka tambaya. Ta yi kuka a wajen yatsu, ta yi dariya a wajen waya. Da na gama ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa:

“Wainar da na yi, don ka daina kwana a ƙasa na yi ta, ba don ƙasan abin kunya ba ne. Shekara tara yaron mota ne ya ciyar da gidan nan, direba daga baya ya zo. A gaida min yaron.”

Na je wajen Alhaji na durƙusa. Yana kwance, gwiwar ta kumbura tun ranar. Ya ce sarƙar da ta tsinke sakacinka ne, da a gabansa ne da ka sha rankwashi. Ɗahiru ya rataye tamu a ƙofar shagonsa, mutane suna zuwa kallo.

Na karanta game da yatsun. Sun ce kada a murza su, kada a kai su kusa da wuta, a nuna wa likita. Don Allah ka je yau. Hasashe ya nuna wata ƙanƙarar tsakiyar mako, amma shafuka biyu sun saɓa a kan ranar.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Ko likita ya ga yatsun, da abin da ya ce.

Ko an ba ka sarƙa ta huɗu. Uku ba su cika doka ba.

Ranar da za ka juyo, da ko za ka iya kama ƙugiyar ciki da hannun a yadda yake.

Ko ka yafe mini maganar gareji. Ba ka ce ka yafe ba, ba ka ce ba ka yafe ba.

Ko yaron mota ya amsa gaisuwar. Inna ta ce wannan karon ba ta yarda direba ya amsa masa ba.

Ɗanka,
Mu'awiya